Hutun da Aka Ba Tela

Ƙanena yana nan da ransa, saboda haka kada kowa ya fara gyara fuska. Ina faɗa tun da wuri domin na san halin mutane: da zarar tsohuwa ta ɗauki biro ta ce za ta ba da labarin wani, sai a ɗauka an riga an kai shi. Ba a kai shi ba. Yana zaune a ɗakin da ke kusa da ƙofa, a kujera mai hannu, da matasai jibge a bayansa, kuma in aka karanta masa wannan zai ce rabi ƙarya ce. Rabin da zai ƙaryata shi ne wanda na fi tabbata da shi.

Shi ne autanmu. Duk layin Tela suke ce masa, ni kaɗai nake kiransa Auta, har yanzu da furfura ta gama da kansa. An haife shi ɗan mitsitsi, ya yi ta laulayi, mahaifiyarmu ta rantse ba zai yi aikin ƙarfi ba, ta kai shi koyon ɗinki. A ganinta ɗinki aikin zama ne. Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa taka keken ɗinki daga safe zuwa yamma ba. Daga ƙugu zuwa sama ƙanena bai taɓa cika ido ba: kafaɗu kamar maratayin riga, wuya kamar na kazar da aka fige. Amma in ya naɗe wando ya zauna a bakin keke, sai ka rantse ƙafafun wani ya aro. Sharaɓarsa kamar an cusa dutse a safa. Nakan ce masa ƙato aka fara ginawa daga ƙasa, da aka zo ƙugu siminti ya ƙare.

Shagonsa a saman bene yake, can ƙarshen layi, bisa kantin mai fenti, wanda shi ne mai ginin. Matakalar siminti ce mai ƙunci, da kwana ɗaya a tsakiya, kuma tun da na san ta take warin fenti da kananzir. A sama ɗaki ɗaya ne: teburin yanka da alli ya yi wa fari, dutsen guga, rediyon da ba ya kama tasha sai an mare shi, da igiya daga bango zuwa bango ɗauke da wandunan mutanen da aka ce wa su dawo gobe. Ba zan ce ƙanena bai taɓa yin wannan ƙaryar ba. Tela ne. Amma aljihun da ya ɗinka ba ya ɓulewa, kuma bai taɓa gaya wa mai ƙiba cewa ya ƙara ƙiba ba, sai dai ya yi shiru ya saki ƙugun wandon. Keken kuwa baƙi ne, na ƙarfe, tsohon yayi, irin wanda ƙarti biyu ke nishi kafin su ɗaga.

Da ƙafa yake zuwa, da ƙafa yake komawa gida cin abincin rana, ya sake dawowa, ya sake hawa. Haka yake tun yana saurayi. Matarsa ta rasu yaran suna ƙanana, bai sake aure ba, wai babu lokaci. Ni na ce babu mai so. Da keken nan ya raini biyu. Ta fari malamar makaranta ce, ni na sa mata suna Hukuma tun ba ta iya ɗaura ɗankwali ba, domin ba ta taɓa roƙon abu ba, umarni take bayarwa. Ƙanenta mai gyaran firji da fanka ne, ana ce masa Injiniya don a faranta masa rai.

Ciwon bai yi sallama ba. Takalmi ne ya fara matse shi da yamma, ya zagi mai takalmin. Daga nan mai fenti ya lura Tela ya koyi tsayawa a kwanar matakala yana karanta tallar da ke manne a bango, tallar da rana ta riga ta cinye rubutunta. Sai tari. Sai ya daina kwanciya a miƙe, wai matashi ɗaya ya yi masa kaɗan. Wata safiya Hukuma ta leƙo gaishe shi kafin ta wuce makaranta, ta tarar da shi zaune a bakin gado ya dafe gwiwoyi, leɓensa ya yi toka-toka, yana jan numfashi kamar wanda aka danna wa kai a ruwa. Ku riƙe wannan. Duk abin da zan faɗa a kanta daga baya, ita ce ta buɗe ƙofar nan ta gani, ba ni ba.

A asibiti suka ce zuciyarsa ta yi rauni. Ba ta tsaya ba, ba ta kuma shirin tsayawa gobe, amma ba ta tura jini da ƙarfin da, shi ya sa ruwa ke taruwa a ƙafa da huhu. Ciwo ne da ba a rabuwa da shi, sai dai a iya zama da shi. Aka yi masa allurai, ya yi ta fitsari kamar famfon da ya lalace, ƙafafun suka sace, numfashi ya dawo. Likitar 'yar siririya ce mai tabarau, na girmi uwarta, amma ba ta cin magana. Ranar sallama ta jera mana: magani kullum, a rage gishiri, a riƙa hawa sikeli don a gane in ruwa ya fara dawowa. Ya huta na ɗan lokaci. In ya warware kuma, ya riƙa tafiya kowace rana, daidai yadda zai iya magana yana tafe, ya koma aikinsa a hankali.

"Har da keken?" in ji Auta.

"Na ƙafa ne, Baba?"

"Na ƙafa."

"To ka fi sauran marasa lafiyata sa'a. Ka taka, in ka gaji ka tsaya."

Hukuma ta ji wannan sarai, kunnenta ya fi na kowa a ɗakin. Muna cikin motar haya ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, "Ita ai ba ubanta ba ne."

Yaran suka yi shawara, irin shawarar da ɗaya ke magana ɗaya na gyaɗa kai. Baba zai koma shago, tunda in an hana shi baƙin ciki zai kashe shi, amma ba zai ƙara shan wahala ba. Injiniya zai kai shi a babur ya ɗauko shi, abincin rana a kai masa can. Matakala sau ɗaya a yini, Injiniya na riƙe da hammatarsa. Sannan yaron, da zuciya ɗaya, ya yi abin da ya ɗauka ita ce kyauta mafi girma da ɗa ya taɓa yi wa uba: ya cire bel ɗin keken, ya ɗaura masa ɗan injin lantarki a gefe, da wani abin takawa kamar sabulun wanka, wanda babban yatsan ƙafa ma ya ishe shi.

Ina wurin ranar da aka gwada. Auta ya taɓa abin, keken ya zabura kamar an mintsine shi, ya cinye rabin ƙafar wandon wani bawan Allah kafin ƙiftawar ido.

"Ka gani, Baba? Aikin yini guda kafin ka gama shayi."

"Na gani."

"Ba ka ce komai ba."

"Allah ya yi maka albarka," in ji Auta, yana farke ɗinkin.

Da yaron ya sauka sai Auta ya ce mini, "Yaya, ba na jin yadin. Da ƙafa nake sanin kaurinsa. Wannan abin ba ya shawara da ni, gudu kawai yake."

Na ce, "To ka gaya masa mana. Ko bakin ma an cire masa bel?"

"Kin ga fuskarsa kuwa? Yaron nan bai taɓa yin abin da ya yi alfahari da shi haka ba."

Haka ya riƙa yini a zaune, ƙafafunsa biyu ajiye a kan fedar da ba ta motsi, kamar baƙin da aka ba wurin zama aka manta da su. Duk wanda ya taɓa doguwar tafiya a mota ya san abin da zama ke yi wa ƙafa, ko da zuciyar lafiyarta ƙalau. Kafin yamma idon sawunsa ya ɓace. Hukuma ta durƙusa ta danna yatsa a ƙwaurinsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa, ta ɗago ta yanke hukunci: aiki ne ke kashe shi. Aka rufe shago. Mai fenti ya ce ɗakin yana nan yana jiransa, ba zai sa kowa ba. Mabuɗin kuwa Auta ya riƙe shi, ba wanda ya yi ƙarfin halin karɓa, ya zuba shi a aljihun gaban rigarsa.

Daga nan aka fara hutun sosai. Hukuma ta kwaso kayanta ta dawo gidan. Ta sayo kujerar nan mai hannu, ta ajiye ta inda fanka ke kaɗawa, ta kewaye ta da duk abin da ɗan Adam zai iya miƙewa don ya ɗauko: ruwa, magani, rediyo, tawul, waya. Banɗaki a ƙarshen baranda yake, sai ta ga nisan ya yi yawa, ta kawo bokiti mai murfi. In ya yunƙura zai tashi sai ka ji ta daga kicin, "Baba, me kake so?" Kunnen nan dai. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana hawa bene da bandir ɗin yadi a kafaɗa, aka mai da shi ba ya ɗaukar cokali sai an tambaye shi ko ya yi masa nauyi.

Masu dubiya su suka ƙarasa aikin. Su shigo su gan shi fes, an yanke masa farce, an shafa masa mai, yana ƙyalli kamar tukunyar da ba a taɓa ɗorawa a wuta ba, su juya wajen Hukuma: "Allah ya ba mu 'ya irinki. Wasu da tuni sun bar tsoho yana gantali." Ita kuma ta sunkuyar da kai. Na sha ganin abin da yabo ke yi wa mutane, ya fi giya, domin mai giya yakan farka da safe.

Wata rana Hukuma tana makaranta na je na same shi yana kallon bango. Na ce, "Auta, tashi mu je mu duba ko titi yana nan."

"Za ta yi faɗa."

"Ni na yi mata wanka ranar da aka haife ta, na san girman bakinta tun yana ƙarami. Tashi."

Muka fita. Muka wuce famfo, muka wuce mai walda. Yana haki, ba zan ɓoye ba, amma yana zagina a tsakanin hakin, yana cewa ina tafiya kamar agwagwa, kuma likita ta ce in mutum na iya magana to bai wuce gona da iri ba. Zagi ma magana ce. Fuskarsa ta yi wani haske da na daɗe ban gani ba. Yana hango benen daga nesa.

Muna isa rumfar mai gyaran takalmi mutumin ya yi tsalle kamar ya zauna a kan ƙusa. "Tela, kai ne da ƙafa? Ina yaran suke? Zauna, zauna." Ya tura masa benci ta bayan gwiwa, ya zaunar da shi da ƙarfi. Kafin in buɗe baki an taru. Wannan na yi masa fifita da kwali, wancan ya kawo ruwa, matar mai wanki kuma, wadda Allah ya hore wa waya da rashin aikin yi, ta riga ta kira makaranta.

Da Hukuma ta iso ba ta yi faɗa a titi ba. Ta gode wa kowa ɗaya bayan ɗaya, ta sa shi a mota don tafiyar da ba ta kai a kunna mota ba. Sai da ta rufe ƙofar gida ta juyo kaina.

"Gwaggo, a gaban ɗalibaina aka kira ni. Aka ce ubana yana yawo a titi yana haki kamar wanda ba shi da kowa."

"Yana da kowa. Kowan ne ya yi masa yawa."

"In ya faɗi a hanya ke za ki ɗauke shi?"

"Likita ta ce..."

"Likita ba ta gan shi ranar nan ba. Ke ma ba ki gan shi ba."

Ta bar ni, ta je ta durƙusa a gabansa, ta riƙe gwiwoyinsa tana hawaye, wannan yarinyar da ban ga hawayenta ba ko ranar da aka fita da uwarta. Ta ba shi labarin safiyar nan dalla-dalla, yadda leɓensa ya yi, yadda ƙirjinsa ke ƙara, yadda ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa tuna lambar ƙanenta. Ta ce, "Baba, na riga na rasa ɗaya. Ka yi mini alkawari." Ya ɗora hannu a kanta ya yi mata alkawari. Ƙanena bai taɓa cika wa mai wando alkawari a ranar da ya ce ba, amma wannan ya riƙe shi kamar an ɗinke shi da shi.

Watanni suka shuɗe. Asibiti ana zuwa, amma a keken marasa lafiya da Injiniya ya samo ya gyara, kuma Hukuma ke amsa tambaya. Yana shan magani? Yana sha. Gishiri? Ba ya ko ganinsa. Yana tafiya? Yana yi, a cikin gida. Asibitin cike yake, layi har waje, wanda ke bakin aiki ya rubuta ya kira na gaba. Ni kuma in na je gidan, sai in ga wandonsa na ƙara yi masa yawa daga gwiwa zuwa ƙasa. Ya daina zagina. Ya koyi wani sabon abu: ya ɗora tafin hannu a ƙirji ya karkata kai, yana sauraron kansa kamar mai jiran a ƙwanƙwasa ƙofa.

Ranar da muka sake faɗawa hannun mai tabarau, na bi su ne don na gaji da zaman gida. Ta dube shi a keken, ta dubi hoton zuciyar da aka ɗauka da safe, ta sake dubansa.

"Baba Tela, me ya same ka a ƙafa?"

"Ba komai," in ji Hukuma. "Don kada ya gaji ne."

"Shi na tambaya. Baba, taso mu ɗan taka barandar nan, ni da kai. In ka gaji ka ce."

Baranda ce doguwa, da taga a ƙarshe. Bai kai rabin rabinta ba. Ya dafa bango, gwiwoyinsa na rawa, ya ce a kawo kujera. Likitar ta mai da shi ɗaki, ta naɗe masa wando da kanta, ta kama sharaɓar. Fata ce kawai ke reto a jikin ƙashi. Na kau da kai.

Ta zauna ta cire tabarau. "Zuciyarsa tana nan kusan yadda na bar ta. Ba ta ƙaru ba, ba ta ragu sosai ba. Maganin yana aiki. Ba ita ta tsayar da shi a barandar nan ba."

"To mene ne?" in ji Hukuma.

"Ƙafafun. Kin san jijiyar jini ba bututun ƙarfe ba ce, tana buɗewa tana tsukewa. In mutum ya taka, naman ƙafa ya nemi jini, jinin ya zo da gudu, jijiyar ta ji gudun a jikinta sai ta saki ta ba shi hanya. Kullum in ana yi, tana nan da laushinta. Mai irin ciwon Baba, jijiyoyinsa sun riga sun fi na kowa saurin taurin kai. In kuma aka zaunar da shi, sai su daina buɗewa, naman ya zube. Ya tashi ya yi taku kaɗan, ƙafa ta nemi jini ba hanya, ta gaji nan take, numfashi ya tashi. Zuciyar da ba ta da ƙarfi kuma an bar ta tana tura ƙofar da ta cije."

Na ce, "Wato 'yar nan, keken da ya yi shekaru yana takawa..."

"Magani ne, Mama. Ba ya warkar da zuciya, amma da shi da tafiyar nan su ke riƙe masa ƙafafu. Yana takawa har yanzu?"

Injiniya, da ke tsaye a bakin ƙofa riƙe da jakar magani, ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

"Zai dawo?" in ji Hukuma. Muryarta ta yi ƙanƙanta.

"Wani abu zai iya dawowa, in ya yi kullum, kaɗan-kaɗan, muna dubawa. Ba duka ba. A shekarunsa abin da wata ɗaya ya ɗauke, wata ɗaya ba ya mayarwa. Amma sai ya yarda ya yi haki. Hakin da ake magana a cikinsa ba mutuwa ba ne."

Kun san Hukuma zuwa yanzu. Ba ta yi kuka ba, ba ta ba kowa haƙuri ba, juyawa kawai ta yi kamar soja. Washegari bokiti ya ɓace. Ruwa ya koma kicin, wanda yake so ya je ya ɗauko. Injiniya ya je shago shi kaɗai ya kwance injinsa ya mai da bel, bai gaya wa kowa inda ya jefa shi ba. Kowace safiya kafin makaranta sai ka ji ta: "Baba, tashi. Zuwa ƙofa kawai. Baba, likita ta ce." Bakin da ya zaunar da shi, shi ne yanzu ke tashinsa, da ƙarfi iri ɗaya.

Sai dai ta yi aikin farko da kyau fiye da yadda ta sani. Ya tashi, ya yi taku kaɗan, numfashi ya ɗan hau, sai hannun ya tafi ƙirji, kai ya karkata, ido ya fito. "Ya isa. Ya fara." Ta ce ba komai, likita ta ce ba komai. Ya dube ta ya ce, "Ke kika ce leɓena ya yi toka." Abin da bai gani da idonsa ba ranar nan, ta riga ta zana masa shi, kuma yanzu shi yake gani duk lokacin da ya miƙe.

Duk da haka ya ɗan yi. Ya kai ƙofa, ya kai famfo, wata rana har mai walda. Na fara zolayarsa ya fara ramawa. Sai mura ta kama shi, ruwa ya dawo huhu, aka kwantar da shi, ya fito ya fi da lalacewa, aka koma farawa daga ƙofa. A lokacin ne mai fenti ya aiko, cikin ladabi, yana tambaya ko Tela na da ranar dawowa, domin akwai mai gyaran waya da ke ta zarya a kan ɗakin. Bai ce a tashi ba. Tambaya kawai ya yi.

Auta ya ce a kai shi ya gani da kansa.

Da hantsi muka je. Injiniya ya kai shi a babur har bakin kantin, ni da Hukuma muka biyo a ƙafa. Mai fenti ya fito yana goge hannu, ya ce maraba da mai gida. Auta ya ce kada wanda ya riƙe shi. Ya kama bango da hannu ɗaya, ya ɗaga ƙafa ya ɗora, ya jawo ɗayar ta same ta, kamar yaro mai koyo. Ya tsaya. Ya sake. Ina bayansa ina cewa ya yi sauri, ni ma tsohuwa ce, ba zan kwana a matakalar mutane ina kallon ɗuwawun da babu ba. Bai yi dariya ba. Ina jin numfashinsa yana fita da ƙara, ina ganin wandon na karkarwa.

A kwanar ya juya a hankali ya zauna. Daga nan ana hango ƙofar shagon a sama, da kwadonta. Sauran matakalar ba ta fi wadda ya hawo ba.

Hukuma ta matso ta tsuguna a ƙasa da shi. "Baba, ka yi rabi. Ka huta, sai mu ƙarasa."

Ya girgiza kai.

"To Injiniya ya goya ka. In ka zauna a keken, ƙafar za ta tuna."

"In ya goya ni yau, gobe fa?"

"Gobe ma."

"Tela a goye," in ji shi. Ya daɗe yana mai da numfashi. "In na kasa hawa wurinsa, ba zan iya taka shi ba. Na fi ku sanin nauyinsa."

"To a sauko da shi gida. Ka riƙa yi kaɗan-kaɗan."

"In zauna ina taka keke ba zare, mutane na leƙowa suna cewa sannu?"



Ya sa yatsu biyu a aljihun gaba ya ciro mabuɗin, ya miƙa wa Injiniya. "Hau. Akwai wanduna a igiya, na mutane ne, ka san wasu daga cikinsu, ka mai da musu ka ce na ba su haƙuri. Ka ɗauko mini almakashina, babban. Keken kuwa, ka ba da shi ga wanda zai taka shi. In ka gama ka ba mai ɗaki mabuɗinsa."

"Baba, mu sake gwadawa wani satin," in ji Hukuma. "Likita ta ce yana dawowa. Ni na..."

"Na ji abin da ta ce." Ya ɗora hannu a kanta, kamar ranar alkawarin. "Ba ki yi don mugunta ba. Tashi, siminti ne, za ki ɓata kayan makaranta."

Injiniya ya raɓa ta gefensa ya hau. Muka ji kwadon ya cije, ya buga shi, ƙofar ta buɗe. Ya daɗe a ciki fiye da yadda kwashe wanduna ke buƙata. Mai fenti ya koma kantinsa ya sami abin yi a can ciki. Mu uku muka zauna a matakalar, har wani ya zo sayen fenti ya leƙo ya gan mu ya koma.

Da yaron ya sauko, idonsa ja, wandunan a kafaɗa, Auta ya karɓi almakashin ya sa a cinya. Sai ya dubi matakalar da ke ƙasa da shi, wadda ya hawo da ƙafarsa, ya daɗe yana dubanta.

"Ajiye kayan nan," ya ce wa ɗansa. "Zo ka sauke ni."